Ba Baffa Ne Ya Shafe Allunan Ba

Ranar da muka kai Baffa makwancinsa, gefen tashar Nyanya inda manyan motoci ke tsayawa ya yi shirun da ban taɓa ji ba. Direbobi sun kashe injuna sun biyo gawa a ƙafa. Mai shayin da ke jikin rumfarsa ya kife tukunya, bai dafa komai ba ranar. Matan layinmu, Musulmi da Kirista, suka cika tsakar gida wajen Inna, matarsa. Wata 'yar Filato mai gasa masara tana ta share hawaye da gefen zani, tana cewa yanzu wa zai riƙa ce mata masararta ta fi ƙusa tauri. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Baffa ya riga mu.

A rana ta uku 'yan jarida suka zo gaisuwa, su biyar. Babbansu, wani mai furfura da tabarau, ya yi magana mai daɗi a kan marigayin. Ya ce tsohon ya yi da buroshi abin da su masu alƙalami suka kasa yi. Sai ya sassauta murya ya ƙara da cewa, in ma daga baya tsoro ya kama shi ya shafe aikinsa da hannunsa, ba wanda zai ga laifinsa, tsoho ne mai iyali. Mutanen da ke kan tabarma suka gyaɗa kai. Wani direba ya ce Allah Ya yafe masa, kowa yana da ranar rauninsa.

Ina tsaye da farantin dabino a hannu. Ban ce komai ba. Na miƙa wa mai tabarau dabinon, ya yi min godiya.

Wannan shirun ne ya sa nake rubutun nan. Ni ba marubuci ba ne, a aji shida na firamare na tsaya, gadi nake yi a wani sito a Idu. Amma an binne Baffa da sunan da ba nasa ba, kuma ni na jawo masa shi. Ba shi ya shafe allunan ba.

Ƙanin mahaifina ne. Da mahaifina ya rasu shi ya ɗauko ni, ya yi min aure, ya ba ni ɗaki biyu a gidansa. Sana'arsa zanen bayan mota. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela a cunkoson Nyanya ya ga zaki yana hamma, ko ɗawisu ya baza jela, ko jirgin sama yana ratsa gajimare mai ruwan hoda, to zai yiwu aikin Baffa ya gani. Da alli yake fara fitar da siffa, ba ya amfani da fensir. A gwangwanin madara yake jiƙa buroshinsa. Ido shi ne abu na ƙarshe da yake sakawa, ya ce da zarar ya sa wa zaki ido ya fara kallonsa, shi kuma ba ya iya gyara abin da ke kallonsa. Yana da rediyo rataye a ƙusa, kullum cikin musu suke. Mai labarai zai ce an kammala aikin hanya, Baffa ya ce, "Wace hanya? Zo in nuna maka ramin."

Ni kuwa mutum ne mai fargaba, kuma na san haka. Nakan koma in duba kwaɗon sito sau uku bayan na kulle. Nakan sake alwala don na yi shakkar ko na wanke gwiwar hannu. Baffa yakan ce in aka gaya min gobe Asabar, sai in tambaya me zai same mu ranar Asabar ɗin. Dariya yake yi, amma bai taɓa raina ni a gaban mutane ba. In wani ya tsokane ni a rumfa, sai ya ce ai gara mai duba kwaɗo sau uku da wanda bai san inda ya jefar da makulli ba.

Shekara da shekaru bai zana fuskar mutum ba. Ya ce rigima ce, duk wanda ka zana sai ya ce ya fi haka kyau. Abin da ya sauya shi ɗan hayarmu ne.

Wani ɗan jarida ne ya kama ɗaki a gidanmu, magidanci mai shekara talatin da wani abu, Kirista, mahaifiyarsa tana noman doya a Yangoji. Hoto yake ɗauka, yana kuma rubutu a wata ƙaramar jarida. Kullum da safe yana rumfar Baffa da kofin shayi, wai labarin ƙasar nan a bakin direbobi yake, ba a ofis ba. Yana kiran Baffa Baba, Baffa yana kiransa ɗana. Kusan kowace rana sai sun yi wasansu.

"Baba, yaushe za ka zana ni?"

"Ranar da jaridarku ta faɗi gaskiya."

"Haba Baba, jiya ma mun faɗa."

"To fentina bai ji labari ba. Ba ya kama fuskar maƙaryaci."

Lokacin yaƙin neman zaɓe aka tura shi wani taron siyasa a wata jiha da ke maƙwabtaka da mu. Abokan aikinsa sun ce ya ɗauki hoton 'yan banga ana raba musu gora a bayan mota. Suka gan shi. Suka ƙwace kyamarar, suka yi masa dukan da ya kwana huɗu a asibiti bai farfaɗo ba. Har yau ban ji an kama kowa ba.

Hoton da ya yi ta yawo a waya shi ne na asibiti, kai a naɗe, fuska a kumbure, ba ka gane ido daga hanci. Wani direba ya nuna wa Baffa. Ya kalla ya daɗe, ya mayar masa da wayar ya ce wannan ba ɗansa ba ne, wannan aikin 'yan banga ne, kuma ba zai yarda aikin 'yan banga ya zama fuskar da za a riƙa tunawa ba. Ya rufe rumfa kwana uku bai karɓi aiki ba. Da ya buɗe, ga allon katako a jingine, ga ɗan hayarmu yana dariya har wushiryarsa ta fito. Hannayensa biyu suna ɗage daidai ƙirji kamar mai riƙe da kyamara, amma babu komai a cikinsu. Mai shayi ya leƙo ya gani, ya koma ya zauna a benci ya rufe fuska.

Daga nan abin ya bazu. 'Yan jarida suka fara kawo masa hotunan abokan aikinsu: wanda aka karya wa hannu a rumfar zaɓe, wata mata da aka mara aka fasa mata na'urar ɗaukar murya, wani da ya fita aiki ba a sake ganinsa ba. Baffa bai taɓa zana rauni ko jini ba. Kowa da fuskarsa ta ranar lafiya yake fitowa, sai dai hannun nan a ɗage babu komai a ciki. Sai da allunan suka kai tara, a jere a bangon rumfa, fasinjoji suna tsayawa kallo.

Mahaifiyar ɗan hayarmu ta zo daga Yangoji. Mama muke ce mata. Ta zauna a ƙasa gaban allon tun hantsi har azahar, tana yi masa magana da yarensu. Da za ta tafi ta roƙi Baffa ya ba ta shi. Ya ce ta yi haƙuri ta bar shi shekara ɗaya a tasha, duk mai wucewa ya ga wanda aka kashe, bayan haka shi da kansa zai kai mata har gida. Ta yarda. Duk da haka ta ci gaba da aiko masa da doya ta hannun direbobi.

Ni ban ji daɗin allunan ba tun farko, kuma mun yi faɗa a kai. Na je na tambayi wani malami hukuncin zana fuskar mutum, na dawo na zayyana wa Baffa abin da aka ce. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi ma ya yi tambayar tun ban iya ɗaura wando ba, ya ji masu tsanantawa ya ji masu sassautawa, abin da ya rage tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Sai ya dube ni ya ce, "Amma ɗan yaya, faɗa min gaskiya. Allah kake tsoro a maganar nan ko jami'an nan masu baƙin gilashi?" Na fusata na fita. Kwana biyu ina gaishe shi a tsaye. Abin da ya ba ni haushi shi ne ya gano ni. Tunanina kullum shi ne za a zo a ƙone rumfar, ko a ɗauke shi, ko a kore ni daga aiki in an san gidan da nake.

Wata Talata ina hutu, Inna ta raka shi asibitin ido saboda yanar da ta fara rufe masa ido ɗaya. Ya bar min makullin rumfa. Bayan azahar sai ga wata baƙar mota mai duhun gilashi ta tsaya. Mutum biyu suka fito cikin manyan kaya masu guga, suna magana rabi Hausa rabi Turanci. Suka tambayi inda mai zanen yake. Suka ɗauki hoton kowane allo da waya, ɗaya bayan ɗaya. Ɗayan ya tambaye ni cikakken sunan Baffa da inda yake kwana, ya rubuta. Suka ce za su dawo gobe da ogansu.

Ban tambaye su ko su wane ne ba. Wannan ita ce tambayar da ta kamata, kuma bakina ya kasa yinta. Suna tafiya na ja ƙyauren rumfa na zauna. Na ga Baffa a bayan mota da ankwa. Na ga Inna tana bin ofisoshi. Sai idona ya faɗa kan babban gwangwanin farin fenti, wanda yake shafa wa jikin mota kafin ya fara zane.

Ga abin da na yi tunani, don kada a ce ƙeta ce. Na sha ganin Baffa in ya yi kuskure yana tsoma tsumma a tina, ruwan narkar da fenti, ya goge, fentin ya fita tas. Sai na ce bari in rufe fuskokin da fari, in mutanen sun zo gobe su ga allo babu komai, in ƙura ta lafa mu goge farin da tina, fuskokin su dawo. Na ɗauki babban buroshi na bi su duka tara. Na ɗan hayarmu na bari a ƙarshe. Na tsaya a gabansa na ce masa ya yi haƙuri, na kwana biyu ne.

Da la'asar Baffa ya dawo da auduga manne a ido ɗaya. Ya tsaya a bakin rumfa. Ban san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. Na fara bayani da sauri, ina maimaita cewa zai fita, da tina zai fita. Ya ɗauki tsumma ya tsoma, ya goga a kusurwar allo ɗaya a hankali. Farin ya narke, ruwan ƙasan da ke ƙarƙashinsa ya narke tare da shi, da koren riga, duka suka haɗe suka gangaro kamar kunu.

"Ka gani?" in ji shi. "Tina ba ta san na sama da na ƙasa ba. Duk fenti ne a wurinta."

Na durƙushe ina kuka kamar ba magidanci ba. Ya ajiye tsumman, ya rufe gwangwanin da na bari a buɗe, ya tambaye ni ko na yi sallar la'asar. Na ce a'a. Ya ce in tashi mu je.

Washegari mutanen suka dawo da ogansu. Ma'aikatan gwamnati ne, 'yan boko masu sha'awar zane, sun haɗa kai za su baje kolin ayyukan masu zane a wani zaure a cikin gari, suna so allunan Baffa su kasance a ciki. Ogan ya dubi fararen allunan ya tambaya me ya faru. Ina bayan Baffa, na buɗe baki, sai ya taka min ƙafa. Ya ce, "Ni na shafe su."

Da suka tafi ya ja ni gefe ya ce kada in kuskura in faɗa wa kowa. Direbobin nan suna son ɗan jaridar, in suka ji ni ne ba zan ƙara iya ratsa tasha ba, ga ni da 'ya'ya a makaranta ana kiransu da sunana. Shi kuwa tsoho ne, me za a yi masa da ya wuce magana? Na yi masa biyayya. Na daɗe ina gaya wa kaina biyayya ce. Yanzu na san umarnin ya yi min daɗi ne kawai.

Maganar kuwa an yi ta. Aka ce an ba shi tsoro, aka ce an saye shi. Wasu direbobi suka daina kawo masa aiki. Wani matashin ɗan jarida ya wuce ta gaban rumfa ya ce, "Baba, yau farin me ake shafawa?" Baffa ya yi murmushi ya ce na bangon zuciyarka, in kana so. Ina wurin, na sunkuyar da kai ina gyara takalmi.

Wanda ya fi ciwo zuwan Mama ne. Labari ya kai mata Yangoji, ta taho ta ga allon da idonta. Ta tambaye shi wa ya yi. Ya ce shi ne. Ta dube shi ta ce, "Baba, kai ma?" Ta juya ta fita, Inna ta bi ta da ruwa ta ƙi karɓa. Ba ta sake zuwa ba, doyar ma ta daina zuwa. Ranar Baffa bai kunna rediyo ba.

Ya yi ƙoƙarin sake zanen. Shekara biyu yana yi. Amma aikin idon bai yi kyau ba, ɗayan ma ya fara rufewa, hannunsa kuma ya soma rawa. Yana da hotunan ɗan hayarmu a waya, sai dai ya ce ba daga hoto ya zana na farko ba, daga zaman shayi ya zana shi, kuma zaman yana dushewa a kansa. Zai yi kwana biyar a kan fuska ɗaya, ya kira ni ya ce in duba ko shi ne. Sai in ce shi ne. Sai ya ce, "Ɗan yaya, ba ka iya ƙarya ba, kunnenka yana motsi." Ko ɗaya bai kai ga sa wa ido ba.

A duk tsawon lokacin nan bai taɓa yi min gori ba. Ranar sunan 'yata ta ƙarshe shi ya yanka ragon, shi ya yi ta zolayar baƙi. Da ciwon ajalinsa ya kwantar da shi, na zauna kusa da shi na roƙe shi ya bar ni in faɗa. Ya ce in bar shi, abin ya wuce. Na ce Mama fa? Ya ce ita kam ya so a ce sun rabu lafiya. Ya juya fuska bango. Nan ma da na tashi na hau mota zuwa Yangoji, da na dawo da ita kafin magariba. Na zauna ina lissafin abin da zai biyo baya, har kwana tara suka wuce ya cika.

Bayan addu'ar bakwai na fara da Inna. Ta ce ta sani tun ranar, ta ga farin fenti a ƙafar wandona. Ta ce ba ita ke bina bayani ba, na san inda zan je.

Na tafi Yangoji, na sami Mama a bayan gida tana ɓare gyaɗa. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ta ce ta ji rasuwar, Allah Ya ji ƙansa, amma ƙafarta ta ƙi zuwa. Na durƙusa a ƙasa na faɗa mata komai, da baƙar motar, da farin fentin, da ƙafar da ya taka min. Ban tsallake komai ba, har maganar da ya yi kafin ya juya fuska bango.

Ta daina ɓarar gyaɗar.

"Shekara biyu," in ji ta, "ina shiga coci ina kai ƙarar mutumin nan wurin Allah. Ina cewa ya kashe min ɗa karo na biyu. Ashe yana can yana ɗauke da kayanka."

Na ce ta yafe min.

"Da ka zo yana da rai, da na durƙusa masa kamar yadda ka durƙusa min yanzu. Wannan ka hana ni. Wa zai biya ni shi?"

Ta tambaya ko allon yana nan. Na ce yana nan, fari fat. Ta ce in ajiye shi, ba ta shirya ganinsa ba tukuna. Ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban sake roƙo ba. Ta shiga ɗaki ta sauya zani, ta fito da doya uku a buhu, ta ce in ɗauka, in wuce gaba.

Muka hau mota daga Yangoji har Nyanya. Da muka ratsa tasha ta tsaya a gaban mai shayi da direbobin da ke zaune, ta juyo ta ce min, "Faɗa musu." Na faɗa. Ba wanda ya taɓa ni. Wani tsohon direba ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce shi ma ya zagi Baffa, ya tambaya ko zan nuna masa kabarin.

Na san na saɓa umarnin Baffa, kuma wannan ma yana damuna. Ina roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da abin da ya rufa min. Duk wanda ya taɓa jin an ce tsoro ya kama shi, don Allah ya gyara maganar a inda ya ji ta.

Da muka isa gida Mama ta cire takalmi a bakin ƙofa ta shiga wajen Inna. Ni na tsaya a zaure da buhun doya a hannu. Na ji Inna ta ce, "Kin zo?" Na ji Mama ta ce, "Na makara."